Alwalar Inna Siddiƙa

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ya san gidan marigayi Malam Nagoda. Ko bai san ƙofar ba, ya san muryoyin matan da ke tashi daga ciki da hantsi, suna bitar karatu, wata na ja wata na biye. Matar marigayin ce ke ba su, Inna Siddiƙa, tsohuwa doguwa siririya mai kaifin kunne. Ko a ƙarshen tabarma mace take, in ta ci wasali ɗaya sai ta ji an ce, "Koma baya." Ba faɗa, ba ɗaga murya, amma wallahi sai gumi ya karyo mata.

A gidan nan Bahijja take aure, wajen Ilyasu, ɗan farin Inna. Malamar firamare ce a Gyallesu, da 'ya'yanta uku, ba yarinya ba ce. Amma har yau in za ta gaida surukarta, tun daga nesa take cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ba ta taɓa kai loma baki a gabanta ba. Ita ma Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, "'yar nan" take ce mata. Ilyasu kuwa ai ba a magana, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da take yi masa. In ya shigo gaisuwa sai ta kau da kai wajen bango, ta amsa a taƙaice, shi ma ya tashi sumsum ya fita. Haka suke zaune lafiya ƙalau, kowa ya san iyakarsa, ga ƙauna kuma a ciki, irin wadda ba a furtawa.

To, a bazarar nan da ta wuce, lokacin da zafi ya kai inda ko ƙadangare inuwa yake nema, makarantu na hutu, Bahijja na tsakar gida tana tsintar shinkafa, sai ta ji an ɗaga murya daga ɗakin Inna.

"Ilyasu! Kai Ilyasu! Zo ka fitar mini da akuyar nan daga kan gado!"

Saura kaɗan faifan ya suɓuce mata. Ba batun akuya ne ya tsorata ta ba, ko da yake gidan babu dabba ko ɗaya. Sunan ne. Matan karatu da ke zaune a rumfa suna jiran Malama ta fito, kowace ta shiga kallon 'yar'uwarta. Akwai waɗanda suka tsufa a gaban tabarmar nan ba su taɓa jin sunan daga bakinta ba.

Bahijja ta yi sallama ta ɗaga labule. Ta tarar da Inna zaune a bakin gado, ba ɗankwali, furfura a waje, tana kaɗa wa matashin kai hannu tana cewa, "Kur! Kur!" Da ta ɗago ta gan ta, sai ta yi murmushi.

"Ishatu, yaushe kika zo? Kin bar ni da aikin gida ni kaɗai."

Ishatu yayar Inna ce, ta rasu tun kafin a haifi Bahijja. Bahijja ta matsa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu a goshin surukarta. Zafi rau. Ta ɗaura mata ɗankwali, ta fito ta ba matan haƙuri, ta ce Malama ba ta jin daɗi yau. Suka watse suna "Allah ya sawwaƙe", amma ta ga yadda suke haɗa kai tun kafin su kai zaure. Ta kira Ilyasu a waya, ya baro ofishinsu da ke unguwar Kongo ya taho.

Kafin La'asar gida ya cika. Baba Jumare ya zo, ƙanen Inna, dattijo mai kantin yadi, da carbinsa da turarensa. Salwa ma ta zo daga Hanwa, ita ce autar Inna, ita kaɗai ke hawa gadon tsohuwar ta miƙe ƙafa ta yi mata shagwaɓa. Aka yi addu'a, aka tofa, aka yi rubutu aka ba ta. Aka karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Da safe sai a ga kamar da sauƙi, ta gane mutane, ta amsa gaisuwa. Rana na yin tsaka sai ta rikice. Ta yi Azahar, ta sallame, ta sake tayar da wata. Ta tambaya ko an kai wa Malam abincinsa zaure, mutumin da ya daɗe a kabari. Abin da ya fi karya zuciyar Bahijja shi ne ranar da ta ji ta tana tilawa, ta zo wata aya ta cije, ta koma baya, ta sake cijewa, tana ta kewaya wuri ɗaya kamar yarinyar da aka ɗora wa allo jiya. Matar da ke gyara wa unguwa karatu! Bahijja ta shige kicin ta toshe baki da gefen zane.

"Tsufa ne," in ji Baba Jumare. "Haka kakarmu ta yi. Ƙwaƙwalwa in ta gaji, ta gaji."

Ba a sa da Bahijja a maganar ba. Amma akwai abin da ke cin ta, abin da ita kaɗai ta gani, saboda ita ce mai tsakar gidan.

Ta ga igiyar shanya. Inna ba ta yarda kowa ya wanke mata zanen ciki, da kanta take yi. A da, zane ɗaya za ka gani ya yi kwana biyu. A 'yan kwanakin nan kuwa, kafin rana ta faɗi igiyar bayan ɗakinta ta cika, zane kan zane, duk jiƙaƙƙu ta wuri ɗaya. Ta ga kwanon sha. Kullum da safe takan cika shi daga randa ta ajiye a bakin ƙofa, da yamma ta ɗauke shi kusan yadda ta kawo, cikin wannan uban zafi. Wannan kam ya daɗe, tun da gwiwoyin Inna suka fara ciwo. Bahijja ta gane dalili ba tare da an gaya mata ba. Bayin gidan na tsuguno ne, yana can ƙarshen tsakar gida, sai an ratsa ta gaban rumfar ɗalibai da ƙofar Ilyasu. Inna ba ta taɓa Alƙur'ani sai da alwala, kuma ta san ba a so mutum ya tsaya salla fitsari na matsarsa. Ga tsuguno ya zama azaba, ga kunyar a gan ta tana kai da kawo da buta. Sai ta samo wa kanta dabara: in ba ta sha ba, ba za ta ji ba. Alwalar Asuba ita ce ta karatu, ita ce ta Walaha, wani lokaci har Azahar. Mata har yabon ta suke a kai.

Sannan ta ji abin da bai kamata ta ji ba. Tana wanke-wanke a bakin rariya, Inna na bayi, sai ta ji nishi, irin na mai cije leɓe, da salati ƙasa-ƙasa. Inna ta fito tana dafa bango, ba a jima ba ta sake komawa. Kuma da ta shiga share ɗakin, akwai wani zarni mai ƙarfi da turaren wuta ya kasa rufewa.

Bahijja ta san wannan nishin. Ta yi shi da bakinta lokacin cikin ɗanta na biyu, sa'ad da fitsari ya riƙa yi mata kamar an zuba barkono, ta je ta dawo, ɗigo biyu, mara na murɗa. A wajen awo aka gano, aka ba ta magani ta warke. To amma ita ba ta ga akuya a kan gado ba. Me ya haɗa mara da ƙwaƙwalwa? Ita ba likita ba ce. Idan ta buɗe baki ta faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinta, aka duba ba haka ba ne fa? Da wane ido za ta sake kallon matar nan?

Ta fara gwadawa da Salwa, suna kicin suna tace koko.

"Anti Salwa, ni kam da za a bi ta tawa, da an duba wajen... wajen zagawar Inna. Na ga wanki ya yi yawa. Ɗakin ma in an shiga..."

Salwa ta ajiye rariya ta juyo gaba ɗaya.

"Ɗakin me? Ƙarasa mana. Wari take yi?"

"A'a, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Matar da ko ƙuda ya sauka a sallayarta sai ta wanke? In jinyar ce ta ishe ki, Bahijja, ki faɗa, uwata ce, ina da gida. Amma kar in sake jin wannan maganar, balle ta fita waje."

Bahijja ta haɗiye sauran. Ta gwada da mijinta, yana ɗaura agogo zai fita. Ta ce, "Abban Ashraf, da an duba cikinta." Ya ce ciki kuma, ai ba ta amai ba ta gudawa. Ta buɗe baki, kalmar ta zo har kan harshe, ta kalli fuskarsa, ta kasa. Yaya za a yi mace ta dubi ɗan fari ta yi masa zancen bawalin mahaifiyarsa? Ta san ko ta faɗa, takalminsa zai ja ya bar ɗakin.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba Jumare ya tara su a rumfa ya yanke magana. Za a sallami ɗalibai gaba ɗaya, a naɗe tabarmin. Za a mai da Inna Hanwa gidan Salwa, a ware mata ɗaki mai makulli, inda ba mai shiga balle ya ji tana sambatu ya kai waje.

"Mutuncinta za mu rufa," ya ce. "Kar a wayi gari ta fita titi ba mayafi, yara na bin ta. A bar mutane da Malamar da suka sani."

Ilyasu ya sunkuyar da kai, ya ce to. Bahijja na daga bakin kicin tana ji. Ta hango Inna a ɗakin da ba ta sani ba, ba muryar ɗalibai, kowa ya sallama cewa ta tafi ke nan, ga wutar nan na ci a ciki ba wanda ya sani. Ba ta san lokacin da ta ce, "Baba, a gafarce ni," ba. Duk suka waiwayo.

"Zazzaɓin ne bai sauka ba. Da an biya asibiti a kan hanya, ko don shi."

Baba Jumare ya ce wannan ba laifi, ai hanya ce. Da za a shiga mota kuma Inna ta riƙe hannun Bahijja gam, ta ce ba inda za ta sai da Ishatu. Dole aka tafi da ita.

Likitan da suka samu matashi ne, Dakta Mahmudu, mai sanyin magana. Ya durƙusa ya gaida Inna kamar kakarsa. Aka auna zafin jiki, aka auna jini, aka tsaga yatsa, ba a ga zazzaɓin sauro ba. Ya ɗaga fatar hannunta ya saki, ya duba harshenta, ya ce jikinta ya bushe ƙwarai. Sannan ya tambayi yaushe ruɗewar ta fara, a hankali ta zo ko farat ɗaya.

"Farat ɗaya," in ji Salwa. "Ranar da abin zai fara, da Asuba ta biya mini karatu a waya."

Likita ya gyara zama. "Ta faɗi? Ta bugu a kai? Hannu ko ƙafa ya saki, ko baki ya karkace?" Aka ce a'a. "Tari fa?" Babu. "To, yaya fitsarinta?"

Ilyasu ya ƙura wa takalminsa ido. Baba Jumare ya ja carbi. Likita ya juya wajen mai jikin. "Inna, in kin zaga, akwai zafi?"

Kamar da gangan, a daidai lokacin ne hankalinta ya ɗan dawo. Ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Lafiya lau, yaro. Alhamdu lillahi."

"Ba komai ta nan wajen," Salwa ta ƙara da sauri. "Mace ce mai tsabta."

"Ba batun tsabta ba ne, Hajiya," in ji likita. Sannan ya ce, "Wa ke zaune da ita a gida kullum?"

Hannun Inna na cikin na Bahijja, busasshe, mai zafi. Ta san in ta yi shiru ba mai ganin laifinta, haka ma ake so ta yi. Ta kuma san motar na waje, kayan Inna na cikin but, daga nan sai Hanwa. Ta zame daga kan benci ta durƙusa a ƙasa, don ba za ta iya faɗar wannan magana a zaune daidai da su ba.

"Ni ce, likita. Inna, ki yafe mini. Ba ta shan ruwa. Ta daɗe ba ta sha, don kar alwalarta ta karye, gwiwarta ba ta son tsuguno. Yanzu kuma tana yawan zagawa, ta fito ta koma, ina jin tana nishi. Yana zubo mata a zane, tana ta wanki. Kuma yana da ƙarfin wari."

Ilyasu ya miƙe ya fita, ko ƙofar bai rufe ba. Baba Jumare ya ce, "Inna lillahi," ya kau da kai. Salwa ta zuba mata ido kamar ta cinye ta. Amma duk wannan bai dami Bahijja ba kamar abin da ta ji a hannunta: yatsun Inna suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

"Madalla," in ji likita a hankali. "Sai mu duba fitsarin."

Nan ma wani sabon tashin hankali. Da nas ta kawo 'yar roba mai murfi, Inna ta ce daga cikin mayafi ita ba za ta zuba najasa a kwalba a yi yawo da ita a hannu ba, balle namiji ya ɗaga yana kallo. Nas ɗin, wata mai jiki da fara'a, Sista Zinatu, ta yi dariya ta ce, "Haba Malama, ni zan kai da hannuna, ba mai sanin na wane ne. Na malamai nawa na ɗauka a asibitin nan, har da masu rawani!" Ta lallaɓa ta, ita da Salwa suka kama ta zuwa bayi. Bahijja na jiyo Sista tana bayani: a yi tsarki tukuna, a bar na farko ya zuba, na tsakiya ake tara, kaɗan ma ya isa. Da suka fito ta hango robar kafin Sista ta naɗe ta a leda. Ja-ja ne, gauraye kamar ruwan kududdufi. Salwa ma ta gani. Fuskarta ta sauya.

Jiran sakamakon nan, Allah kaɗai ya san yadda Bahijja ta yi shi. Ta zauna can ƙarshen baranda ita kaɗai. Ilyasu na jingine da mota, bai ko kalli inda take ba. In aka ce ba komai fa? Ta tona asirin tsohuwa a gaban ƙanenta da ɗanta da baƙon namiji, a banza. Sai ta kama kanta tana roƙon Allah ya sa a sami ciwo, ta yi istigfari, ta sake roƙa.

Likita ya kira su. Ya ce akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara, da yawa, kuma da alama sun fara hawa wajen ƙoda, shi ya sa zazzaɓin. Za a kwantar da ita, a yi mata ƙarin ruwa, a fara allurai, a kuma aika fitsarin wani gwajin da zai nuna ainihin maganin da ya fi dacewa.

Baba Jumare ya gyara murya. "Likita, ban ƙi taka ba. Amma mu kanta muka kawo. Me ya haɗa kai da wancan wuri?"

"Baba, tsofaffi haka suke. Yaro in ya kamu zai ce maka yana jin zafi. Tsoho kuwa, in cuta ta shiga jiki ga rashin ruwa, wani lokaci kai ne ke fara nunawa. Ya ruɗe, ya ga abin da babu."

"To zai dawo?" in ji Salwa.

"Sau da yawa yana dawowa in an kashe cutar. Ba zan yi muku alkawari ba, shekaru sun ja. In bai washe ba sai mu nemi wani dalilin."

Daga nan fa bakin Salwa ya buɗe, tambaya kan tambaya. Shi ne ciwon sanyin da mata ke faɗa? A bayi ake ɗauka, don ɗalibai na shiga nasu? Likita ya ce yawanci ba daga wani ake ɗauka ba, ƙwayoyin daga jikin mutum suke, daga baya su zo gaba, shi ya sa ake son in za a yi tsarki a fara ta gaba a yi baya. Mata sun fi kamuwa saboda hanyarsu gajera ce, balle bayan girma ya zo. Fitsari shi ke wanke hanyar, in ba a sha ruwa ba, ko ana riƙe shi, sai su sami wurin zama. Ta ce to launi fa, nata ma wani lokaci da safe yakan yi duhu. Ya ce wannan ƙishirwa ce, in ta sha ruwa ya washe ba komai, abin kula shi ne zafi, ko jini, ko ya gauraye, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Baba Jumare ya tambaya, wai wani abokinsa ne ke tashi fitsari sau da yawa da dare, ko jiƙon kanwa zai yi masa. Likita ya yi murmushi ya ce a gaya wa abokin ya bar kanwa ya zo a duba shi, a auna masa suga, kar kuma ya sayi ƙwayoyi a kemis ya sha biyu ya ajiye. Baba ya ce zai gaya masa.

Salwa ce ta zauna jinya. Bahijja ke dafa abinci ta hau adaidaita ta kawo. Duk zuwan da za ta yi, ta durƙusa ta gaishe ta, Inna na kwance ta ba ta baya, fuska a bango, ko uffan. Salwa ta ce zazzaɓin ya sauka, ta ce ta sha kunu, ta ce yau ta tambayi alƙibla. Amma da Bahijja ta shigo sai shiru. Ruɗewar ce har yanzu, ko fushi ne? Ba ta sani ba, kuma ba ta san wanne ya kamata ta fi tsoro ba. A gida Ilyasu na amsa mata magana da "to" da "a'a". Baba Jumare kuwa bai janye batun Hanwa ba, ya ce a jira a gani. Kayan Inna na nan a ƙulle a but ɗin mota.

Ranar nan da hantsi ta kawo farfesun kaza, Salwa ta fita karɓo magani. Ta ajiye kwanon, ta gaishe da bayan da ta saba gaisarwa, ta yunƙura za ta tashi.

"'Yar nan."

Ta daskare.

"Tura ƙofar nan. Zo nan."

Inna ta tashi zaune da ƙyar, robar ƙarin ruwa na lilo a hannunta. Ta rame, idanu sun faɗa, amma kallon da ta yi wa Bahijja irin na kan tabarma ne.

"Wa ya koya miki? A gidanku haka ake yi? A gaban ƙanena, a gaban mijinki, ga yaro baƙo sa'an jikana, ki durƙusa ki zazzage ni kamar buhun gero? Har da wari. Ba ki ga nas mace a wurin ba? Ba za ki ja ta gefe ki raɗa mata ba? Ke da kike koyar da 'ya'yan mutane!"

"Na tuba, Inna. Ban yi tunanin haka ba. Tsoro ne."

"Tsoro. Kuma ashe leƙen igiyata kike yi. Ina zaune da ke ina cewa Allah ya ba ni mai kawaici." Ta numfasa. "Sannan an ce an sallami ɗalibaina. Da izinin wa? Matar Kailani saura mata shafi biyu ta sauke, an sa ranar walima. Hajiyar Suhaibu kuwa in ta kwana uku ba bita, duk abin da na ɗora mata zubewa yake, ƙwaƙwalwarta kamar rariya. Shi Jumare da ko Tabaraka bai haɗa ba, shi zai naɗe mini tabarma?"

Bahijja ta ɗago kai ba ta sani ba. Kowace magana a wurinta, kowane suna daidai. Wani abu ya taso mata daga ciki, dariya ce ko kuka, ta kasa tantancewa, sai ga su duka biyun sun fito tare. Ta kife fuska a gefen katifa, kafaɗunta na rawa.

"Au, dariya ma na ba ki?"

"A'a Inna. Ki ci gaba. Don Allah ki ci gaba da faɗan."

"Ji shashanci." Inna ta yi tsaki, ta kau da kai wajen taga. Can ta sassauta murya, ba ta juyo ba. "Shi yaron nan... ya ce abin yakan dawo?"

"Ya ce yana iya dawowa in ba a shan ruwa, ko ana riƙewa. Ya ce a shanye maganin duka ko an ji sauƙi. In kin ji zafi kuma, ki faɗa da wuri."

"In faɗa wa wa?"

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Bayi irin na zaman nan da ke asibitin," in ji Inna daga baya, "wanda ba a tsuguno. A yi mini shi a bayan ɗakina, ƙofa ta ciki, da famfon alwala. Ke za ki gaya wa mijinki, tunda ke bakinki ba ya jin nauyin komai. Ki kuma ce a sauke mini kayana daga motar nan, ba inda za ni."

"To, Inna."

"To me kike jira a ƙasa? Ruwan nan da suke ɗura mini ba ya barin mutum ya zauna. Tashi ki kama ni. Riƙe robar sama, kar ki tsinke mini ita."

Bahijja ta share fuska da bakin hijabi, ta ɗaga robar da hannu ɗaya, ta sa ɗayan a ƙarƙashin hammatar surukarta. Tsohuwar ta sakar mata nauyinta duka, suka nufi ƙofar a hankali.